Koyar da Kasuwanci ta Waya: Sai an Gina Manhaja?

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa, matasa kuma na yawan zuwa neman shawarar yadda za su fara sana'a. An ba ni labarin wani Ba'amurke da ya ƙirƙiro koyarwa ta waya. Ina so in kashe N500,000 a gina mini manhaja irin tasa. Ya dace?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Wanda aka ba ka labarinsa Thomas Leonard ne. Asalin sana'arsa ba mutane shawara kan tsara kuɗinsu, daga nan ya lura matsalar mutane da yawa cikinsu ta wuce ta aljihu. A 1992 ya kafa makarantar Coach U mai horar da masu ba mutane shawara kan rayuwa da sana'a, a 1995 ya kafa ƙungiyar irin waɗannan masu horarwa ta duniya mai suna ICF, ya rasu a 2003. Amma ba shi ya ƙirƙiro kiran taro ta tarho ba, kamfanonin waya na da shi tun kafin nan. Dabararsa ita ce mayar da layin aji: a ba ɗalibai lamba ɗaya, kowa ya bugo daga gidansa a lokaci ɗaya. Ba hayar zaure, ba kuɗin mota.

Wannan layin yau kyauta yake a wayarka. Kiran WhatsApp na ɗaukar mutum 32. Manhajar taro ta Zoom, ta kyauta, na ɗaukar 100, sai dai tana yankewa a minti 40. Google Meet kuma awa ɗaya.

Fara da mutum 12, zama huɗu, sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i lokacin an rufe shaguna. In kowa ya biya N5,000, N60,000 ke nan. Karɓi kuɗin gaba ɗaya kafin zaman farko. Wanda ya ce "zan turo" shi ne zai ɓace a mako na biyu.

A kashe bidiyo, murya ta isa. Bidiyo ke cinye data, shi ke sa magana ta riƙa tsinkewa in sabis ya yi rauni. Ka samu yaro ɗaya ya riƙa rufe makirufon kowa, in ba haka ba ƙarar janareto da kukan jariri za su cinye rabin lokacin. Minti 20 kai ka yi bayani, sauran a bar wa tambaya, sannan ka tura sautin zaman ga wanda layinsa ya yanke, da sanin mahalarta.

Inda akasari ake faɗuwa shi ne abin da ake koyarwa. "Yadda za ka yi arziki" ba darasi ba ne. Koya musu abin da hannunka ya sani: fitar da riba a dila ɗaya bayan kuɗin dako da na mota, rubuta littafin bashi, gane kayan da zai kwanta. Kowane zama a ba da aiki, misali kowa ya rubuto cinikinsa na kwana bakwai, a buɗe zama na gaba da shi.

In rukuni uku sun kammala, tsofaffin ɗalibai kuma suka kawo sababbi, sai ka biya kuɗin Zoom na wata-wata don cire iyakar minti 40.