Tambaya da Amsa: Bututun Babbar Jijiya da Shigar Cuta Cikin Jini

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kula da masu tsananin rashin lafiya, kuma ana yawan yi mana bita a kan bututun da ake zura wa majiyyaci a babbar jijiya. Shin bitar tana rage shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, ko ɓata lokaci ne kawai?

Amsa: Malama, ba ɓata lokaci ba ne. Ƙwayoyin cutar kan taso daga fatar majiyyaci su bi jikin bututun, ko kuma su shiga ta bakinsa daga hannun mai ba da magani, wato duk hanyoyin biyu a hannun ma'aikata suke.

A jihar Michigan ta Amurka, binciken da Dokta Peter Pronovost ya jagoranta a sassan kula da masu tsananin rashin lafiya 103, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna raguwar cutar da ta kai kashi 66 cikin ɗari a wata 18. Abubuwan da aka koyar ba sababbi ba ne: wanke hannu, lulluɓe majiyyaci da likita da tsaftatattun kaya, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine, guje wa jijiyar matsematsi, da cire bututu da zarar bukatarsa ta ƙare.

A ganina, abin da ya fi tasiri shi ne ikon da aka ba ma'aikaciyar jinya ta dakatar da likita, komai girmansa, idan ya tsallake mataki. Ke ma, kafin ki ɗura allura, ki goge bakin bututun sosai, ki jira ya bushe.