Amsa ga mai son zuwa Ingila karatun OT na yara

Ƙanwata, saƙonki shi ne na huɗu a watan nan kan magana ɗaya. Kin gama fisiyo a Bayero, kin yi hidimar ƙasa, yara masu lalurar ƙwaƙwalwa suna ba ki tausayi, kina so ki zo ki yi babban kwas na OT (occupational therapy, wato aikin koya wa masu lalura yadda za su yi hidimomin yau da kullum da kansu) ɓangaren yara. Wai wani ejan ya ce miki wata shida ne, a ba ki takarda ki kama aiki. Zan amsa a fili don sauran ma su gani, na gaji da maimaitawa a waya.

Ejan ɗin nan ƙarya yake miki. Fisiyo daban, OT daban. Ku kuna gyara motsin jiki, mu kuma muna koya wa yaro yadda zai ci abinci da kansa, ya sa riga, ya riƙe alƙalami, ya zauna a aji. A nan doka ce ta kare sunan aikin: wanda bai yi rajista da HCPC ba, wato hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista, laifi ne ya kira kansa OT. Digirinki in an tantance shi, rajistar fisiyo zai ba ki. In OT kike so, sai ki koma aji ki yi digiri na biyu shekara 2 cur, da aikin horo na aƙalla sa'a 1,000 wanda ba a biyanki ko kwabo. Kuma ba karatun yara ba ne zalla. Za a tura ki wajen tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki, a tura ki sashen masu taɓin hankali. Ni bayan na gama, shekara biyu na yi a mataki na 5 na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ina auna tsayin gado da kujerar banɗaki a gidajen tsofaffi kafin na samu gurbi a wajen yara.

Kwasa-kwasan da kike gani a intanet, irin na Bobath (wata hanyar gyara motsin jiki) ko na daidaita ji da gani da taɓi wanda Jean Ayres ta assasa a Amurka, duk ɗori ne a kan rajista, ba sa ba ki izinin aiki. Kada ma sunansu ya ruɗe ki. A 2013 Iona Novak da abokan aikinta a Ostareliya sun tace binciken da aka yi kan yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun haihuwa, kuma waɗannan hanyoyi biyu masu tsada ba su fito da kyau ba. Abin da ya fito da kyau shi ne a zaɓi aiki ɗaya da yaro da iyayensa suke so, a yi ta maimaita shi a gida. Na kashe kuɗin aljihuna a wani kwas kafin na karanta wannan, har yau abin yana min ciwo.

Kuɗin makaranta a yawancin jami'o'i ya haura fam 15,000 a shekara, ga fam 776 na harajin lafiya duk shekara, ban da haya. Kin ce da maigida da 'yarki za ki taho. Tun Janairun 2024 an rufe wannan ƙofar ga masu irin wannan digiri. Ku zauna da shi ku yi maganar tun yanzu.

Amma ba kuɗi ne ya kusa kayar da ni ba. A aikin horona na yara, mai duba ni ta rubuta cewa ban iya wasa ba. Wallahi ranar kuka na yi a bas har gida. Ni da na yi goyon ƙanne biyar! Da na huce na gane abin da take nufi. Mu a gida babba ba ya durƙusa a ƙasa ya yi kukan mota da yaro, wannan aikin yayye ne. Umarni nake bayarwa: zauna, riƙe, sake yi. Yaro mai otizim kuwa bai san wannan ba, juya miki baya zai yi ya ci gaba da jera motocinsa. Sai kin kwanta a kan kafet kin shiga wasansa kafin ya bar ki ki taɓa hannunsa. Wannan na yarda da shi. Wanda ban yarda da shi ba har gobe shi ne uwar da ta kalli hijabina a bakin ƙofa ta tambaye ni yaushe ainihin ma'aikaciyar za ta iso, kuma na kai ƙara aka ce in yi haƙuri. Ki shirya wa irin wannan, zai zo.

Yaran ma ba irin waɗanda kika sani ba ne. A Kano abin da ke cika layi shi ne yaron da ya daɗe bai yi kuka ba wajen haihuwa, ko shawara ta hau masa kai aka tsaya jiƙe-jiƙe, ko sanƙarau ya bar shi a sandare, ga dangin uba suna raɗa cewa ɗan ruwa ne. A nan yawancin waɗanda nake gani lafiyayyu ne a ido. Wani ɗinkin safa ne ke hana shi zuwa makaranta, wata hayaniyar ɗakin cin abinci ce ke sa ta buga kai da bango. Da farko a raina nakan ce sangarta ce. Ba sangarta ba ce, kuma in kika zo da wannan tunanin iyaye za su gane a fuskarki. Rabin yinin kuma a kan kwamfuta yake ƙarewa, ana rubuta rahoton da za a sa a takardar EHCP, wadda da ita ce iyaye ke tilasta wa ƙaramar hukuma ta biya wa yaro taimako. Kalma ɗaya in ta yi laushi, yaro ya rasa.

Inda na fi abokan aikina kuwa, na fi su. An taɓa ba ni yaro ɗan shekara shida, iyayensa 'yan Pakistan, hannunsa na dama a shanye. Takardar gwaji tana tambaya ko ya iya wuƙa da cokali mai yatsu. Uban bai damu da wannan ba, so yake ɗansa ya ci abinci da dama kamar kowa, ya yi alwala da kansa. Babu wanda ya tambaye shi sai ni. Muka sa wa hannun mai lafiya safa na 'yan sa'o'i kullum don a tilasta wa mai raunin aiki, uwar tana yi da shi a kan tabarmar cin abinci. Ranar da ya kai loma baki da damansa, uban fita ya yi daga ɗakin don kada mu ga idonsa. Yau ina mataki na 7, ni ke duba ɗalibai, kuma babu wanda ya ba ni wannan kyauta.

In yara kike so kawai, ki nemi rajistar fisiyo ki bi ta ɓangaren yara, ya fi kusa, ya fi araha. In kuwa OT ɗin ne ya shiga ranki, ana koyar da shi a Ile-Ife. Ki nemi wani OT a gida ki bi shi ko na wata guda ne, ki ga aikin da idonki. Bayan nan ki turo min sakamakonki na jami'a in duba, amma kada ki ba ejan ɗin nan ko naira ɗaya. Ki gaishe min da Umma.