Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wa'azi Ba Ya Zama a Zuciyata?

Tambaya: Malam, kowace Lahadi wa'azi yakan ratsa ni, amma kafin Laraba komai ya bi iska. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar'uwa, Yesu ya yi bayanin wannan a misalin mai shuka, Markus 4:1-20. Irin da aka shuka, wato maganar Allah, ɗaya ne, ƙasar ce, wato zuciyar mai ji, ta bambanta: bakin hanya, wurin duwatsu, cikin ƙaya, sai ƙasa mai kyau. Abin da kika faɗa ya fi kama da na biyu. Shukar kan dutse takan tsiro da wuri domin ƙasar ba zurfi, amma da rana ta yi zafi sai ta yanƙwane. Murnar da kike ji ba laifi ba ce, saiwa ce babu.

Ki shiga majami'a da littafin rubutu, ki rubuta aya ɗaya tak daga wa'azin. Ran Litinin ki karanta surar gaba ɗaya, kamar mutanen garin Biriya na zamanin manzanni da suke bincika Nassosi kullum (Ayyukan Manzanni 17:11). Daga nan ki zaɓi abu guda da za ki aikata kafin mako ya fita, ko da neman gafarar wani ne. Yakubu 1:23-24 ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi madubi ya manta kamanninsa.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne zumuɗi: sura biyar a rana, kwana huɗu sun gaji. Bisharar Markus sura 16 ce, ɗaya a rana ta isa.