Kayan soja da waƙar 'yanci: ina labarin yake a bidiyon Keyakizaka46?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ce ta nuna mini bidiyon wata waƙar Japan mai suna "Silent Majority" ta ƙungiyar 'yan mata Keyakizaka46. Fassarar da ke ƙasan allo tana cewa kowa ya bi ra'ayinsa, kada ya bari manya su juya shi. Amma masu faɗin hakan duk kaya iri ɗaya suka sa kamar sojoji, taku ɗaya suke yi, babu mai ko murmushi. Wannan ba tufka da warwara ba ne? Kuma ni ban ga labari ba. Na saba da waƙoƙin finafinanmu inda saurayi zai yi baiti budurwa ta mayar masa, ka san inda aka dosa. Nan kuwa rawa ce kawai a filin gini. Me ake nufi?

Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Idonki bai yaudare ki ba, saɓanin da kika gani yana nan, kuma da gangan aka dasa shi. Labarin ma yana nan, sai dai ba a bakin 'yan matan yake ba. Yana cikin inda kowace ta tsaya, da abin da ta sa a jiki, da filin da aka kai su. In kika bi waɗannan, za ki ga akwai farko, akwai tsakiya, akwai wurin da al'amari ya juya.

Waƙar ta fito ranar 6 ga Afrilu 2016, ita ce ta farko da ƙungiyar ta saki bayan kafa ta a watan Agusta 2015. 'Yan mata 20 ne a cikin bidiyon. Wanda ya rubuta baitocin shi ne Yasushi Akimoto, mutumin da ya kafa shahararriyar ƙungiyar 'yan mata mawaƙa AKB48 a 2005. Kazuma Ikeda ne daraktan bidiyon, mai tsara rawar kuma Takahiro Ueno, wanda ya fara yin suna a gasar rawa ta dandalin Apollo a birnin New York. Yarinyar nan mai gajeren gashi da kyamara ke yawan komawa kanta ita ce Yurina Hirate, shekarunta 14 a lokacin. A makon farko an sayar da faifai sama da 260,000, adadin da babu wata mawaƙiya ko ƙungiyar mata da ta taɓa kaiwa da waƙarta ta farko a jadawalin Oricon, mai ƙididdige cinikin faifai a Japan, kafin nan.

Rashin murmushin da kika lura da shi ba zai yi miki nauyi ba sai kin san abin da Bajapane ya saba gani. Irin waɗannan mawaƙa da suke kira aidol, sana'arsu ita ce fara'a. Ba a neman su fi kowa murya ko iya rawa. Abin da ake saye a wurinsu shi ne kusanci: murmushi cikin kyamara, ɗaga hannu, da taron gaisawa inda wanda ya sayi faifai ke samun tikitin yin musabaha da tauraruwarsa na 'yan daƙiƙu. Watan Afrilu kuma shi ne farkon shekarar karatu da ta aiki a Japan, lokacin da furen sakura ke buɗewa, don haka waƙoƙin wannan lokaci yawanci na ban kwana da abokai ne da fatan alheri, da launin ruwan hoda ko'ina. A irin wannan kasuwa sai ga sababbin yara sun fito sun murtuke fuska suna zare wa mai kallo ido. Tun kafin a ji kalma ɗaya, fuskar ta riga ta ce: ba mu zo faranta maka rai ba.

Sai kayan. Kin ce kamar na soja, kuma haka ne: duhun launi, wuya a rufe, ɗinki mai tsauri, siket har ƙasan gwiwa. Amma ɗan Japan in ya kalle su ba bariki kaɗai yake tunawa ba, yana tuna ajinsu na sakandare. Dalili kuwa yunifom ɗin makarantun ƙasar asalinsa daga kakin soja yake. Baƙar rigar samari mai tsayayyen wuya da jerin maɓallai an kwaikwayo ta daga kakin sojojin Turai tun zamanin Sarki Meiji, a ƙarshen ƙarni na 19. Rigar 'yan mata mai faffaɗan wuya kuma daga kayan sojojin ruwan Ingila aka ɗauko ta, ta yaɗu a makarantu a shekarun 1920. In yaro ya gama jami'a ma bai tsira ba: lokacin neman aiki dubban ɗalibai ke fitowa cikin baƙar kwat iri ɗaya, jaka iri ɗaya, mata sun ɗaure gashi ɗauri ɗaya. Saboda haka kayan nan da ke tsakanin yunifom da kaki suna cewa ne makaranta da ofis da bariki duk layi ɗaya ake bi. Baitin farko na waƙar ma abin da yake zanawa ke nan, mararraba cike da jama'a, tufafi iri ɗaya, fuska iri ɗaya, ana ta tafiya inda turmutsutsu ya kai mutum. 'Yan matan ba masu wa'azi ba ne da suka tsaya gefe suna nuna taron da yatsa. Su ne taron. Da an sa wa kowace kaya daban, da babu abin da za a fasa.

Filin ginin shi ma ba don an rasa wuri aka je shi ba. A Shibuya yake, tsakiyar birnin Tokiyo, unguwar da ta shahara da matasa da kayan yayi, taku kaɗan daga mararrabar nan da hotonta ya zaga duniya, inda ake tsayar da motoci ta ko'ina mutane su tsallaka lokaci guda. A da layin jirgin ƙasa na Toyoko ne ke bi ta wurin. A watan Maris 2013 aka mayar da tashar ƙarƙashin ƙasa, aka rushe tsohuwar, aka fara sabon gini. Lokacin da aka ɗauki bidiyon wurin ba tsohon ba ne, ba kuma sabon ba ne: ƙarafa, shingaye, injinan aiki, ga dogayen gine-gine sun kewaye shi suna haskawa. Wuri ne da aka hana jama'a shiga, wanda bai gama zama abin da zai zama ba, aka zuba yaran da su ma ba su gama zama manya ba. A watan Satumba 2018 aka buɗe bene mai hawa 35 a wurin, mai suna Shibuya Stream, daga baya ofishin Google na Japan ya tare a ciki. Ko kin je yau ba za ki samu filin ba.

Yanzu ga labarin kansa. A tsarin waɗannan ƙungiyoyi tsayuwa a sahu matsayi ce. Akwai sahun gaba, na biyu, na uku, sannan akwai wadda ke tsakiyar sahun gaba, ita ce fuskar waƙar, kuma masoya kan yi ta jayayya a kan wa ta cancanci wurin. AKB48 har zaɓe ta riƙa shiryawa, daga 2009 zuwa 2018, inda takardar ƙuri'a ke zuwa cikin faifan da mutum ya saya. Duk mai kallo a Japan ya san wannan ƙa'ida, ya san inda zai nemi tauraruwa.

Ki sake kunna bidiyon, ki cire sauti in kin ga dama, ki bi Hirate da ido. Da farko motsin kowa a sandare yake, hannaye na tashi suna sauka tare kamar inji ɗaya ke jan su, ƙafa na buga ƙasa irin na fareti. Ana gab da shiga amshi sai taron ya dare gida biyu, sahu a dama, sahu a hagu, hanya ta buɗe a tsakiya. Ta nan take fitowa daga can baya, ita kaɗai, ba rawa take ba, tafiya take, ido a tsaye, har ta kai gaba ta ɗaga hannu sama. Masoyan ƙungiyar suna kiran wannan wuri da sunan Annabi Musa (AS), don tuna tsagewar teku (a wurinsu hoto ne na aro, ba batun aƙida ba). Wannan 'yar tafiya ita ce dukan labarin: mutum ɗaya daga cikin taro, sanye da irin kayan kowa, ta bar layi ta yi gaba. Ba a ba ta wata riga ta daban ba, ba kambi, ba launi na musamman. Abin da ya raba ta da sauran kawai shi ne ta taka.

Daga nan rawar kan canja hali. A amshi har yanzu tare suke motsi, amma motsin ya zama na ƙarfi, dunƙulen hannu, jifa da kafaɗa, gashi na watsuwa a fuska. A nan ne nake ganin gwanintar Ueno, kuma a nan ne tambayarki ta fi cizo. Taron da ke tafiya tare don tsoro da taron da ke tafiya tare don ya yanke shawara, daga nesa kamarsu ɗaya. Bidiyon bai warware miki wannan ba. Za ki iya cewa sauran sun farka ne. Za ki iya cewa kuma sun samu sabuwar shugaba ce kawai suka bi ta, kamar yadda suka bi na baya. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun ake so ki gani, shi ya sa aka ƙi nuna miki fuskar wani babba ko ɗaya da za a ce shi ne azzalumin. Babu malami, babu uba, babu ɗan sanda. Abokin gabar shi ne sahun kansa.

Sunan waƙar, wanda ke nufin masu rinjayen da suka yi shiru, sananne ne daga jawabin shugaban Amurka Richard Nixon na 3 ga Nuwamba 1969, inda ya nemi goyon bayan Amurkawan da ba su fita zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam ba. Baitocin ba su ambaci sunansa ba, shugaban wata ƙasa kawai suka ce, wanda ya ɗauki shirun mutane a matsayin amincewa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ga kuma lokacin da aka zaɓa: a watan Yuni 2016 dokar rage shekarun jefa ƙuri'a daga 20 zuwa 18 ta fara aiki a Japan, matasa kimanin miliyan 2.4 suka samu damar zaɓe karon farko a zaɓen majalisar dattawa na 10 ga Yuli. Shekara guda kafin nan ɗalibai sun yi ta taruwa a gaban majalisa suna adawa da sababbin dokokin tsaro. Waƙar da ke cewa in ba ka yi magana ba an ƙirga ka cikin masu cewa eh, ta faɗo a kan gaɓa. Ita mai jan sahun kuwa ko shekarun zaɓen ba ta kai ba.

Shin munafunci ne? Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, kuma 'yan Japan da kansu sun yi shi. Mai shekaru 57 ne ya rubuta wa yara cewa kada su bari manya su mallake su. Kamfanin Sony Music ne ya sayar da faifan. Manya ne suka zaɓi kayan, suka zaɓi wadda za ta tsaya a tsakiya, a masana'antar da ko soyayya ba a yarda mawaƙiya ta yi a fili ba. A 2013 wata 'yar AKB48 ta aske kanta ƙwal ta fito tana kuka tana neman gafara don an gan ta ta kwana gidan saurayi. Tawaye ne da aka ɗinka aka sa masa farashi, wannan ba na musu. Kuma wasa da kakin soja ya taɓa juye musu: a watan Oktoba 2016, a wani wasan Halowin a Yokohama, sun fito da baƙaƙen alkyabbu da huluna masu kama da na sojojin Nazi na Jamus. Cibiyar Simon Wiesenthal, ƙungiyar kare haƙƙin Yahudawa da ke Amurka, ta yi tir, Sony da Akimoto suka nemi afuwa. Alama in ta bar hannun mai ita, ba shi ke yanke mata ma'ana ba.

Sai dai wannan gaskiyar tana yanka ta ɗaya gefen ma. Labarin yarinya guda da ta fita daga sahu bai tsaya a bidiyo ɗaya ba, ƙungiyar ta ci gaba da shi, yana ƙara duhu. A waƙarsu "Fukyowaon" ta 2017 ƙin yarda ya zama ihu. A daren ƙarshe na wannan shekara, a babban shirin waƙoƙin sabuwar shekara na tashar NHK, uku daga cikinsu har da Hirate numfashinsu ya sarƙe bayan sun yi wannan rawar, ƙasa baki ɗaya tana kallo. Ita ce ta tsaya a tsakiya a dukan waƙoƙi 8 da aka saki tana ƙungiyar, har ta fita a watan Janairu 2020. A watan Oktoba na shekarar aka ajiye sunan Keyakizaka46, sauran suka ci gaba da sunan Sakurazaka46. Kuma a watan Agusta 2020, da aka saki 'yar fafutukar Hong Kong Agnes Chow daga hannun 'yan sanda bayan kama ta ƙarƙashin dokar tsaron ƙasa, ta shaida wa 'yan jarida cewa baitocin "Fukyowaon" ne suka yi ta yawo a kanta tana tsare. Babu wanda ya tsara wannan a ofishin Sony.

In kina son ki gwada idonki a kan wani bidiyon nasu, ki kalli "Fukyowaon" ɗin bayan wannan, ki lura da abu ɗaya: sau nawa Hirate ke cikin sahu, sau nawa take wajensa, kuma in tana waje, sauran suna mara mata baya ne ko sun yi mata zobe.