Tambaya da Amsa: Kaset ɗin Baba da waƙar rigar tsummoki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Cikin kayan marigayi babanmu na tsinci tsohon kaset na wata baturiya, an rubuta Dolly Parton, Coat of Many Colors a jiki, da yake shi direba ne a hanyar Jos ya siyo. Akwai waƙa ɗaya da in ya sa sai ya yi shiru har ta ƙare, ni kuma ba turanci nake ji ba, dan Allah me take cewa? Sannan wani yaro ya duba min a waya yace wai albam ne kuma singil ne, to wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Yaron nan bai yi ƙarya ba, duka biyun ne. Albam ɗin ya fito a 1971 daga kamfanin RCA, waƙoƙi 10 ne a ciki, 7 ita ta rubuta da kanta, sauran 3 na Porter Wagoner ne wanda a lokacin take waƙa a shirinsa na talabijin. Shi kuwa singil, a zamanin faifan garmaho sai a ciro waƙa a buga ta a ƙaramin faifai, ɗaya gaba ɗaya baya, a kai gidajen rediyo, kamar dai yadda mai tsire ke yanko maka ɗanɗano kafin ka ce a naɗe maka. My Blue Tears aka fara fitarwa, sannan ita wadda albam ɗin ya ci sunanta, ta kai ta 4 a jerin mujallar Billboard na waƙoƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka.

Ina kyautata zaton ita ce ke sa Baba shiru, kuma wallahi kai tela za ka fi kowa gane ta. Labarin yarintar Dolly Parton ɗin ne. An haife ta a 1946 a cikin duwatsun jihar Tennessee ta Amurka, ita ce ta 4 cikin 'ya'ya 12, talauci iya talauci. Sanyi ya gabato ba ta da rigar sanyi, sai wani ya ba su kwali cike da guntayen ƙyalle, uwar ta zauna tana harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya kowanne da kalarsa, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf kamar yadda ya zo a littafinsu na Kirista, inda aka ce babansa ya ba shi riga mai kala-kala. Yarinya ta sa riga ta ruga makaranta da murnarta, takalmi duk huji, tana zuwa yara suka hau yi mata dariya, ita kuma ta rasa me ya sa ba su ga abin da take gani ba.

Ni duk sanda na ji ta sai na tuna Innarmu, ana gobe sallah tana gaban aci-balbal tana haɗa min zani da ragowar atamfar da ta roƙo wajen tela, har yau in na tuna sai idona ya cicciko.

Kaset ɗin kuma dan Allah kar ka yawaita sa shi, zaren ya tsufa rediyo zai iya cinye shi, ranar kasuwa ka shiga Ringim ka nemi masu tura waƙa su sa maka ita a memori, shi kuma ka adana shi cikin akwati.