Ku Tambayi Baba Fasto: Na gaji, ko bangaskiyata ce ta mutu?

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni mai bi ce tun ina yarinya. Shekara 3 kenan maigidana yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ni ce wanka ni ce juya shi ni ce neman abin da yara za su ci, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ki yi ƙarfi ai za ki iya komai ta wurin Almasihu mai ƙarfafa ki. To ni Baba na kasa. Wani dare na shiga banɗaki na kulle na yi ta kuka har na ce Allah ya ɗauki raina in huta. Ƙanena kuma ya ce wai wace riba na ci a bisharar nan da na riƙe, na rasa abin ce masa. Ko bangaskiyata ce ta mutu? Daga wata 'yar'uwa cikin Ubangiji.

AMSA: Sannu 'yata, sannu ƙwarai. Ba ta mutu ba, gajiya ce, kuma addu'ar nan ta banɗaki ba ke kika fara yin ta ba.

Buɗe 1 Sarakuna sura 19 a Littafi Mai Tsarki. Annabi Iliya ne fa, wanda bai daɗe da tsayawa shi kaɗai gaban annabawan gunkin Ba'al 450 a dutsen Karmel ba har wuta ta sauko, amma saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel sai ga shi ya tsere jeji ya zube a gindin itace yana cewa ya isa haka, a ɗauki ransa. Me Allah ya yi? Bai yi masa faɗa ba, ko wa'azi bai yi masa ba a lokacin. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, da wannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa dutsen Horeb. Daga baya ma sai aka haɗa shi da Elisha don kada ya ci gaba shi kaɗai.

Ita kuma ayar masu dubiya, Filibiyawa 4:13, gaskiya yadda muke jefa ta wa mutane kamar maganin ciwon kai yana damuna, ni ma na sha yi ina sabon fasto, Allah ya gafarta mini. Manzo Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, kuma in kin koma aya ta 12 maganar yunwa da ƙoshi yake yi, samu da rashi, wato ya koyi zama a cikin kowanne. Shi ne fa mutumin da aka yi wa bulala 39 har sau 5, jirgi ya fashe da shi a teku sau 3, wanda ya faɗa da bakinsa a 2 Korantiyawa 1:8 cewa wahalar da suka sha a Asiya ta fi ƙarfinsu har sun fid da rai. Sau 3 ya roƙa a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi don ikon Allah a cikin rashin ƙarfi yake cika. To ashe wanda ya ce na kasa shi ne ya iso inda ake ba da ƙarfin.

Ƙaninki kuwa kar ki ji haushinsa, tausayinki ne ya fito ta bakin da bai iya magana ba. Ba zan ce miki bishara ta yi alkawarin maigidanki zai miƙe gobe ba, muna roƙo kuma Allah mai iko ne, amma ba a nan darajarta take ba. Romawa 5:6 ta ce tun muna raunana Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mun gyaru ba. Ranar da kika yi haƙuri da ranar da kika daka wa yara tsawa kika kwanta ba addu'a, duk matsayinki a wurinsa ɗaya ne, an riga an biya. Kuma jikin nan da kike juyawa kullum yana da alkawarin tashin matattu. Ki ce wa ƙanin naki ribar kenan, in ya so ya zo ya kama miki juyin ranar Asabar.

Da gaske nake. Ki sami shugabar zumuntar mata da fastonku ki faɗa musu abin da kika faɗa mini ba kunya, a raba kwanaki, ki sami ko dare 2 a mako ki yi barci har gari ya waye, ai ɗaukar nauyin juna umarni ne a Galatiyawa 6:2 ba alfarma ba. In kuma tunanin mutuwar nan yana dawowa kar ki bar shi a ciki, ki gaya wa likitan da ke duba maigida ranar da za ku koma asibiti, ko ma kafin ranar. Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya in ji ko kin samu barcin.