Filin Masu Karatu: Sayen Tsohuwar Motar Alfarma da Riƙonta

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini tayin Mercedes 500 SEL ƙirar 1985. Fenti na sheƙi, kujerun fata babu tsaga, mai ita kuma ya ce inji lafiya lau. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, fenti shi ne abu na ƙarshe da za ka kalla. Wannan ƙirar ita ce W126, wadda aka ƙera daga 1979 zuwa 1991. Tana da ƙarko, amma tsatsa ba ruwanta da sunan kamfani. Inji in ya lalace ana sauke shi a gyara. Bodin da tsatsa ta ci daga ciki kuwa sai an yanke an yi walda, kuma ba a sanin iyakar ɓarnar sai an fara yanka.

A ɗaga motar sama, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba. Ka tsokani wuraren sa jak guda huɗu, da dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, da bakin madgad, da mazaunin batir. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa lotsawa yake ko ya zubo da gari. Ka ɗaga kafet ka matsa soson da ke ƙasa, in da danshi to ruwa na shiga. Ka buɗe but ka leƙa ƙarƙashin gilashin baya, domin robarsa na tsufa, ruwa ya kwanta a wurin shekara da shekaru. Sannan ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila an rufe da fenti. Sai dai maganaɗisu ba ya kama alminiyam, kuma wasu manyan motocin da shi ake yi musu bonet ko ƙofofi, kada ka zargi mutum a banza.

Ka sharɗanta cewa kana son samun injin da sanyi, ka taɓa shi da hannu ka tabbatar. Wanda ya riga ka ɗuma mota, wataƙila akwai abin da ba ya son ka ji. Da an tayar, ka kasa kunne gaban injin. Ƙarar sarƙa ta daƙiƙa ɗaya ko biyu gargaɗi ne babba a wannan V8 ɗin: sarƙar taimin tana gudu ne a kan wasu maƙalai na roba mai tauri, waɗanda zafi da shekaru ke busarwa. Ɗaya ya karye, sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya daki bawul, aiki ya koma na sauke tof silinda. Bakanike zai iya cire murfin bawul ya ga launin maƙalan. In sun yi duhu sosai, lokacin canji ya yi. A auna matsin kowace silinda, bambanci tsakanin babba da ƙarami kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Shuɗin hayaƙi da safe alamar robar bawul ce. Farin da ba ya ɗaukewa, tare da raguwar ruwan lagireto, gaskit ne.

Kada lambar kilomita ta ruɗe ka. Ƙananan haƙoran roba da ke juya ma'aunin suna karyewa, ya tsaya cak mota na ta tafiya. Rasitan gyara masu kwanan wata sun fi shi gaskiya. Ka kuma gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da ta takarda, harafi bayan harafi.

Tambaya: Na ga Rolls-Royce Silver Shadow ta 1974 da arahar da ta ba ni mamaki. Ina matsalar take?

Amsa: Alhaji, araha ba ta ado. Motar ce ta yi araha, kayan gyaranta suna nan a farashin Rolls-Royce. Matsalar galibi tana cikin birki da tsarin daidaita tsayin baya, waɗanda ke aiki da mai a matsi mai ƙarfi, fasahar da kamfanin ya karɓi lasisinta daga Citroën. Inji ne ke tura fanfuna biyu, su kuma su tara mai a wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu iskar naitirojin, a matsin da ya kai wajen psi 2,500. Iskar na sulalewa da shekaru. In ta ƙare, birki na aiki muddin inji na gudu, amma da ya mutu a kan hanya babu ajiyar da za ta tsayar da motar da ta haura tan biyu.

Gwajin ba wuya. Ka bar inji ya yi aiki kamar minti biyar, ka kashe, ka murɗa makulli fitilun dashbod su kama, sai ka riƙa taka birki kana ƙirgawa. Tsari mai lafiya zai ɗauki taku masu yawa, gommai, kafin fitilar gargaɗin matsi ta kama. In ta kama bayan taku biyar ko goma, ƙwallayen sun gaji.

Abu na biyu shi ne irin man. Silver Shadow, da aka yi daga 1965 zuwa 1980, tana shan wani man birki na musamman mai suna RR363. Silver Spirit da ta gaje ta koren mai take sha, irin LHM. Aka zuba na wannan a waccan, robobin tsarin gaba ɗaya za su kumbura su lalace, sai an kwance komai an sake. Ka buɗe tankin man ka ga launinsa, ka tambayi wa ke yi mata aiki. In babu bakaniken da ya taɓa kwance irin wannan tsarin a inda za ka iya kaiwa, shawararmu ka haƙura, kyan ɗan maciji ne da ita.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar Jaguar XJ6, shekara takwas ke nan ba a tayar da ita ba. Ƙanena ya ce mu sa sabon batir kawai. Haka ne?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama. Hajiya, ki hana shi. Man da ke saman injin ya daɗe da tsiyayewa, ringi na iya mannewa da bangon silinda, fetur ɗin tanki kuma ya zama danƙo. A cire fulogi shida, a ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi kwana biyu. Sai a juya injin da hannu, da sifana a kan babban kusar gaba, zagaye biyu cikakku. In ya ƙi, kada a tilasta. In ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai a canza filta, a tsiyaye tankunan fetur duka biyu da yawancin tsofaffin XJ6 ke da su, a sauya kowace tiyon fetur ta roba. Daga nan a murza sitata ba tare da fulogi ba har ma'aunin matsin mai ya motsa, sannan a mayar da su a tayar, da abin kashe gobara a kusa.

Tashi daban, hawa titi daban. Man birki na shan danshin iska, ya sa fistin ɗin birki tsatsa, don haka a canza shi yanzu da kuma duk shekara biyu. Birkin baya na yawancin tsofaffin XJ6 yana can ciki kusa da difaren, ba a jikin taya ba, babban aiki a kansa yakan sa a sauke ƙafar baya ɗungurungum. A sa wannan a lissafi. A wanke lagireto, a canza tamostat da tiyoyin ruwa, kuma kada a yarda da mai cewa a cire tamostat a yar.

Tambaya: Tayoyin motata ba su suɗe ba ko kaɗan. Dole ne in canza?

Amsa: Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. In lambobi uku ka gani, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta. Duk wadda ta kai shekara goma a cire ta, komai kyan zanenta, har da safaya.

Tambaya: Esin motata ta 1988 ba ya sanyi. An ce a ƙara gas kawai.

Amsa: Gas ba ya ƙarewa sai da yoyo, a fara nemo shi. Motocin wancan zamanin gas mai suna R12 suke amfani da shi, wanda aka daina ƙerawa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga lemar ozon. Komawa R134a, gas ɗin da ya maye gurbinsa, ba zubawa kawai ba ne, domin man kwamfiresan R12 ba ya gauraya da shi. A wanke layukan, a sa man da ya dace, a canza diraya da zobban roba, a zuƙe iska sarai, sannan a zuba ƙasa kaɗan da nauyin da aka rubuta na R12. Sanyin kan ɗan ragu a cunkoso.

Tambaya: Ina tayar da motata minti biyar duk mako ba tare da na fita ba. Ya isa?

Amsa: Hakan cutarwa yake yi. Minti biyar ba ya ɗuma mai har ya kore ruwan da ƙonewar fetur ke samarwa, sai ya taru a salansa da cikin inji. Gara ka fita da ita rabin awa duk mako biyu ko uku, ta shiga kowace giya, ka kunna esi, ka sauke kowane gilashi ka ɗaga. In za ta daɗe a ajiye, ka cire kan batir mai alamar ragi, ka ɗan ƙara wa tayoyi iska, ka saki birkin hannu ka sa waigi. A rufe ta da yadi mai shan iska. Tamfol na roba tara gumi yake yi a jikin fenti.